Kalmar Sirrin Yaya

Shekara goma sha tara Anti Tafireta ta yi a kujera ɗaya, a shagon buga takardu da ke tsakanin mai sayar da magani da mai ɗinkin labule. Sunan ya kama ta tun lokacin da take buga wasiƙu da tafireta, kuma ko da kwamfuta ta zo aka ɗora tsohon keken rubutun a saman kabad, sunan bai sake ta ba. Ba ta da yawan magana. Idan ka kawo takardar neman aiki da rubutun hannu, za ta gyara maka kurakurai ba tare da ta nuna maka ta gan su ba.

Shagon na yayanta ne. Shi ya kawo ta bayan rasuwar mijinta, ya ce zaman ɗaki da tunani zai kashe ta. Mutum ne mai kirki, amma ba ya yarda da hannun kowa sai nasa. Da ya sayi kwamfutar, hanyar shiga biyu ya yi mata: tasa mai kalmar sirri, wadda ke da ikon saka abu ko cirewa, da kuma tata, wadda aka rubuta wa "Baƙo".

"Yaya, yaushe baƙon nan zai zama ɗan gida?" takan tambaye shi cikin wasa.

"Ranar da ya daina danna duk abin da ya gani," in ji shi.

Bai yarda da sabunta komai ba. A ganinsa duk sabon abin da suka turo, fitina ce suka turo. Manhajar da suke buɗe takardu da ita ta kai shekara goma a yadda take, kuma tana aiki, sai dai wani lokaci ta yi gardama, ya zo ya shiga ta tasa hanyar ya lallaɓa ta.

Wata safiyar Talata ya sunkuya zai ɗaura takalmi, ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Kwana goma sha biyu aka yi a asibiti kafin a dawo da shi gida, a shimfiɗa masa katifa a falo saboda ba ya iya hawa gado.

Sati biyu bayan haka likita ya turo fom ta imel. Akwai gurbi a sashen gashin ƙashi, amma sai an cika fom ɗin a kwamfuta an mayar kafin Alhamis. Matar Yaya ta kawo wayarta shago, ta ce, "Ke ce gwanar wannan, ki taimaka mana."

Anti Tafireta ta sauke fayil ɗin ta danna. Maimakon fom, sai farin shafi ya fito da layi ɗaya: wannan takarda tana buƙatar sabuwar manhaja. Ta nemo sabuwar, ta danna a saka. Wani ƙaramin akwati ya buɗe yana neman kalmar sirrin mai kwamfutar. Ta gwada buɗe fom ɗin ta wata hanya, ya buɗu rabi, amma gurabensa suka ƙi karɓar rubutu. Ta ce a buga shi a takarda ko ta cika da biro, kwamfutar ta ce ba ta da izini.

"Ba ki san kalmar ba?" matar Yaya ta tambaya.

"Ban sani ba."

"Duk shekarun nan?"

Anti Tafireta ta jawo madannai gabanta. Ta gwada sunan mahaifiyarsu, ta gwada na matarsa, da na 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, da lambar tsohuwar motarsa. Ta zazzage aljihun teburinsa, ba ta samu komai ba sai maɓallan da ba a san na wace ƙofa ba ne, da tabarau mai ƙafa ɗaya.

Ranar Laraba ta kira Injiniya, mai gyaran kwamfutoci na bayan tasha. Ya zo da tasa ƙaramar kwamfutar, kuma cikin minti goma ta cika fom ɗin a kanta aka aika. Wannan ya wuce. Amma da ya zauna gaban ta shagon ya ɗan bincika, sai ya yi tsaki a hankali.

"Anti, wannan manhajar ta girme wasu ɗaliban da ke zuwa nan. Takardun da ake turowa yanzu, da yawa ba za ta buɗe su ba. Fasa kalmar sirrin ba wuya gare ni. Matsalar ita ce wannan jakar." Ya nuna wata jakar fayiloli a allon. "Ya kulle ta da kalmar. Idan na fasa, abin da ke ciki ba zai sake buɗuwa ba. Ko ni, ko wanda ya fi ni."

Ta san abin da ke ciki. Akwai kwafin takardun shaidar mutanen unguwa, waɗanda suke dawowa nema idan nasu ya ɓace ko ruwa ya ci. Akwai kuma aikin da Yaya ya shekara huɗu yana yi da rana idan ba kowa: tarihin gidansu, da hotunan iyayensu da ya bi dangi ya aro ya ɗauka, wasu ma masu hotunan sun rasu.

"Bari in tambaye shi," ta ce.

Ranar Asabar ta cire wayoyin, ta ɗauki hayar mota ta kai kwamfutar gidan Yaya, aka ɗora ta a kan teburin cin abinci aka jawo kusa da katifar. Ita da matarsa suka tallafe shi da matashin kai biyu. Da ya ga allon ya haska, idanunsa suka canza, har ya yi yunƙurin gyara zama.

"Yaya, kalmar kawai za ka buga mini. A hankali, ba sauri muke ba."

Ya ɗaga hannun hagu. Yatsan ya daɗe yana yawo a kan madannai kafin ya sauka. Harafi shida ya danna. Ba daidai ba. Ya sake, wannan karon bakwai. Ba daidai ba. A na uku ya tsaya a tsakiya, yana kallon haruffan kamar an sauya musu wuri. Ba ta iya gane ko yatsan ne ya ƙi, ko kalmar ce ta tafi tare da maganar. Ya ture madannan da bayan hannu suka faɗi ƙasa, ya juya fuska bango.

"Ya isa haka," in ji matarsa. "Kin ga yadda jikinsa ke rawa."

Anti Tafireta ta durƙusa kusa da shi ta faɗa masa abin da Injiniya ya ce, duka, ba ta rage ba. Ya yi wani sauti daga maƙogwaro. Matarsa ta ce cewa yake a fasa kalmar. Ita kuwa abin da ta ji kamar "a'a" ne.

Ta mayar da kwamfutar shago ta zauna da ita a haka har sati uku. Ɗalibai su zo da fom ɗin jarrabawa a filash, ta danna, farin shafi ya fito, ta ba su haƙuri ta kwatanta musu wani shago a titin gaba. Wata malamar makaranta da ta shekara takwas tana kawo mata aiki ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe ta, ta tambayi jikin Yaya, ta wuce da takardunta a hannu. Wata rana daga safe har la'asar, wasiƙa ɗaya ta buga.

A sati na huɗu ta kira Injiniya. Ba ta zauna ta ga yana yi ba, ta fita ta tsaya wajen mai labule tana kallon yana yanka yadi. Da ta dawo komai na buɗuwa, firinta na aiki. Jakar tana nan, sunayen fayilolin a jere, har da kwanan watan da aka ajiye kowanne. Ta danna ɗaya, ya ƙi. Injiniya ya ce ko ya goge su don a samu wuri, ta ce ya bar su.

Ba ta faɗa wa Yaya ba, ba ta faɗa wa matarsa ba. Gashin ƙashin ya yi masa amfani. Yanzu yana takawa da sanda daga falo zuwa ƙofa, kuma kalmomi sun fara dawowa, guda-guda. Duk yamma idan ta rufe shago takan biya ta gidan, ta yanke masa farce ko ta karanta masa jarida.

Makon jiya, tana tattara jakarta za ta tafi, matarsa ta rako ta bakin ƙofa.

"Tun safe yake cewa shago, shago. Ina ganin so yake a kai shi. Ko Litinin?"

Anti Tafireta ta daɗe tana neman takalminta ɗaya a cikin na yara.

"Matakalar shagon tana da tsayi," ta ce. "A bari ƙafar ta ƙara ƙwari tukuna."