Layin Baba da Layin Tudu

Duk wanda ya ƙara zama kusa da ni ya ce zai gaya mani layin da ya fi arahar data, wallahi sai mun ɓata. Na faɗa a makarantar da nake koyarwa, na faɗa a majalisarmu ta bakin masallaci, yanzu kuma ga shi na rubuta. Ba zan kira sunan kamfani ko ɗaya ba, kuma ba tsoro ba ne, duk kanwar ja ce. Mu a Mawashi ma ba mu cika kiransu da sunayen da suka raɗa ma kansu ba. Inda layi yake kamawa, nan yake samun suna.

Akwai layin tudu. Datarshi da araha, amma sai ka hau tudun bayan makaranta ka ɗaga hannu sama kafin saƙo ya tafi. Akwai layin gari, wanda in kana cikin Kankiya gudu yake, kana juyo da babur ya fara tari, kafin ka iso gida ya sheƙa. Sai na ukun, tsohon layi, mai kamawa har ƙuryar ɗaka, har cikin rumbu. Shi kuma ɓarawo ne da rana tsaka. Ka sa gig ɗaya da safe, ka buɗe hoto biyu, ka saurari rabin karatu, kafin la'asar sun turo maka saƙo wai ya abokin hulɗarmu mai daraja, datarka ta ƙare. Daraja a gidan uban wa?

Wannan na ukun shi Baba ya riƙe tun lokacin da aka kafa ƙarfen sabis na farko a yankinmu, kuma bai taɓa canzawa ba. Bai san data ba, bai nemi ya sani ba. A kira shi ya ɗauka, ya kira a ɗauka, shi ke nan.

Ina da ƙane ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarun baya, bayan an gama girbi, ya bi wasu samari haƙar zinare can gaba da Agadas. Bai yi nisa a boko ba, kuma lamba ɗaya ce tak a kanshi, ta Baba. Sau ɗaya ko sau biyu a shekara sai wata doguwar lamba ta shigo, wayar aro, ya ce yana lafiya, a yi mashi addu'a, kafin Inna ta gama tambayar ko yana cin abinci an katse. In ka bi lambar, ko dai ba ta shiga ko wani ya ɗauka da yaren da ba ka ji. Tawa lambar kuwa ina zai same ta? Na canza layi ya fi a ƙirga saboda bin garaɓasa. Matata ma sai ta duba waya kafin ta iya faɗin lambata.

Baba ya rasu da bazara, jinyar kwana kaɗan. Da aka share makoki Inna ta kira ni ɗakinta, ta miƙo mani 'yar wayarshi, wadda aka ɗaure bayanta da roba.

"Ɗan'uwanka bai san ubanshi ya rasu ba," in ji ta. "In ya kira, ko kana aji ne ka kawo mani. Ni zan gaya mashi da bakina, in ce mashi ya dawo gida haka nan."

Na ce to, Inna. Ba a yi wata ba batirin wayar ya kumbura ta mutu murus. Sai na zare sim ɗin na sa a tawa wayar mai cin layi biyu, ɗaya layin gari da albashina ke shigowa ta kanshi, ɗaya na Baba. Tunda shi ke kamawa a gida, shi nake sa ma data, yana zuƙewa ina tsine mashi, muka ci gaba a haka har kaka.

To akwai wani abokin aikina, malamin lissafi. Mutumin nan ya haddace lambobin sayen data fiye da yadda ya haddace sunayen ɗalibanshi. In an fita hutun tara sai ya zauna gindin darbejiya, malamai su zagaye shi, ya yi ta fatawa. Ran nan ya ji ina ƙorafi sai ya kwashe da dariya.

"Haba Malam! Kai har yau wancan layin kake ciyarwa? Zo ka gani."

Ya ɗauki tsinke ya ja layi uku a ƙasa. Ya ce wannan in sun ce gig biyu, rabi ne naka, rabin sai lokacin da mutanen kirki suka yi barci yake aiki. Wannan kuma mako na cika ya ƙone, ka taɓa ko ba ka taɓa ba. Garaɓasarshi ma ta hira ce kawai, in ka buɗe wani abu daban sai ya koma cin kuɗin kiranka ba sallama. Ya dangwala tsinken a layi na ƙarshe. Layin tudu, in ji shi, sabon sim ninki biyu suke ba shi, ka sayi ɗaya su ba ka biyu, wata da watanni.

Na ce ba ni da gurbi, wayata biyu take ci.

"Cire na tsoho mana."

Na gaya mashi zancen ƙanena da abin da Inna ta ce. Ya kaɗa hannu.

"Mai kira sau ɗaya a shekara? Ƙarshen wata ka sayi 'yar ƙaramar waya ka sa mashi. Kafin nan nannaɗe shi ka ajiye. Sim ai ba tumatir ba ne da zai ruɓe."

Aka yi dariya, har da ni. Wannan dariyar har yau in na tuna ta sai in ji kamar in shaƙe kaina.

Na sayi layin tudu. Na nannaɗe na Baba a takarda, na sa a kwalin ashana, na jefa ƙasan akwati. Ƙarshen wata ya zo, tayar babur ta fashe. Wani ƙarshen watan ya zo, aka yi suna a gidan surukaina. Wani ya zo, ban ma tuna ba. Kuma kar in yi ƙarya, daɗi nake ji. Kullum bayan la'asar ina kan tudu, ina kallon dambe, ina musun siyasa da mutanen da ban taɓa gani ba, ina jin na fi kamfani wayo. In na shiga gaida Inna ta ce, "Shiru?" sai in ce, "Shiru, Inna." Ai kuwa dole a ji shiru.

Ninki biyun ma bai kai ko'ina ba. Wata rana na saya na ga ɗaya suka ba ni, ɗayar ma ta fi ta da saurin ƙarewa. Na tari malamin lissafi da maganar, ya ce au, ai shi tuni ya koma layin gari, sun fito da sabon tsari. Ko kunya babu.

Farkon damina na shiga kasuwar Kankiya sayen taki, sai na ji an dafa ni. Wani mutumin Kunduru ne da suka tafi haƙar zinare tare da ƙanena, ya dawo ya rame ya yi baƙi. Bayan gaisuwa ya yi mani ta'aziyya, ya ce sai da ya iso gida ya ji. Na ce ina ƙanena? Ya ce sun rabu tun kafin azumi, ya yi gaba wani sabon rami, can kuwa ba mai lamba tsayayya.

"Amma lafiyarshi lau. Ya ce mani ma zai kira gida kafin Sallah. Bai kira ba?"

Ban sayi takin ba. Na faɗa rumfar masu waya na sayi ƙarama, irin wadda na yi wata bakwai ina cewa zan saya, na hau babur ban san yadda na iso gida ba. Na zazzage akwati, na warware takarda, na sa sim, na kunna. Babu sabis. Na fita tsakar gida, babu. Na kashe na kunna, na goge shi da bakin riga, na hura mashi iska. Layin da ke kamawa cikin rumbu ya ƙi kamawa a fili.

Washegari da sassafe ina ƙofar shagon wakilin kamfanin a Kankiya, tun bai buɗe ba. Da ya zo ya karɓi lambar, ya danna na'urarshi, bai ko ɗago kai ba.

"An sake sayar da shi."

"An sayar da mi?"

"Layin. Ya daɗe ba a amfani da shi, sai kamfani ya karɓe abinshi."

"Abinshi? Layin ubana ne! Da kuɗinshi ya saya, tun kana wasan ƙasa!"

"Malam, layi na kamfani ne, aro ake ba mutum. Kuma sai da aka tura saƙon gargaɗi."

"Aka tura ina?"

"Kan layin mana."

Kun ji fa. Sun tura gargaɗi cikin kwalin ashana. Mutanen da ba su taɓa fasa turo mani tallan waƙa da cacar ƙwallo ba, ko ina sallah, su ne suka yi gargaɗi sau ɗaya suka wanke hannu. Na ce Allah ya isa, na faɗa da ƙarfi har masu jiran layi suka juyo. Ya ce in yi haƙuri, na gaba ya matso.

Na fito na tsaya jikin babur. Na danna lambar Baba a wayata. Ta shiga. Wallahi da na ji tana ƙara sai da na ji kamar shi zai ɗauka. Wani mutum ya ɗauka, Bahaushe, ana ta buga ƙarfe a bayanshi. Na yi sallama, na ce don Allah ya saurare ni, wannan lambar ta mahaifina ce.

"Kai, na gaji da ku!" in ji shi. "Tunda na sayi layin nan ake damuna, ina Baba, ina Baba. Ni gyaran babur nake a kudu, ban san wani Baba ba."

Na ba shi haƙuri. Na ce ko wani ya taɓa kira da doguwar lamba, irin ta ƙasar waje?

Ya ce, "An yi. Kafin Sallah. Sau uku yana kira a rana ɗaya, murya na yankewa. Na ce ba nan ba ne, ya sake kira. Na ce an canza, ya sake kira, wai shi ya san lambar ubanshi. Ina tsakiyar aiki. Sai na ce mashi mai layin ya mutu, don ya bar ni in huta."

Na zauna a ƙasa, nan bakin titi.

"Malam, kana ji na? Ni fa faɗa kawai na yi."

Na ce ai gaskiya ka faɗa mashi, ya rasu.

Bugun ƙarfen ya tsaya. Ya yi salati, ya ce wallahi bai sani ba, in yafe mashi. Na ce da ka gaya mashi mi ya ce? Ya ce tambaya ɗaya ƙanen nawa ya yi mashi. Cewa ya yi, "Inna fa?" Shi kuma ga mai babur tsaye a kanshi, sai ya kashe. Tun daga ranar bai sake kira ba.

Na ce ya duba mani lambar. Ya ce ya canza waya tun tuni. Na ce ya sayar mani da layin, ko nawa ne. Ya ce yana jikin allon shagonshi, bankinshi ma a kai yake, ba zai iya ba. Amma in ba shi lambata, in an sake kira zai bayar. Na buɗe baki, sai na tsaya ina tunanin wacce zan ba shi wadda zan riƙe. Na ba shi ta albashi. Amma wa zai sake kiran lambar da aka ce mashi mai ita ya mutu?

Malamin lissafi, da labari ya kai mashi daga baya, cewa ya yi ai shi bai ce in bar sim wata da watanni ba. Gaskiya ya faɗa, kuma saboda gaskiyar nan na ƙara tsanarshi. Muna gaisawa, amma ban sake zama gindin darbejiyar nan ba.

Ranar dai sai bayan azahar na iso gida. Na yi ta zagaye da babur a hanya ina shirya ƙarya, kowacce na ɗauko sai ta ƙi zama. Na sami Inna a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗar iri. Na durƙusa na gaida ta, ban tashi ba. Ta dube ni ta ajiye tiren.

Na gaya mata duka. Kwalin ashana, tudu, shagon Kankiya, mai gyaran babur. Ban sa kamfani a gaba ba, ban sa malamin lissafi ba, don a gabanta ba su da amfani. Na so ta zage ni, ko ta ɗaga hannu ta mare ni kamar ina yaro. Ba ta yi ba.

"To ya ji ke nan," in ji ta. "A bakin wani."

"Ya ji, Inna."

"Shi kaɗai, ba kowa kusa da shi."

Ta sake dubana.

"Ya tambaye ni?"

"Ya tambaya."

"Mi aka ce mashi?"

"Ba a ce mashi komi ba, Inna. Kashewa aka yi."