Mai Gwal a Layin Marasa Ƙarfi

Shekara goma sha tara yayana yana fitowa a wasan talabijin a matsayin attajiri, har sunan wasan ya danne nasa, kowa Mai Gwal yake ce masa. Babbar rigar da yake tinƙaho da ita ta kamfani ce, ana gama ɗauka mai kula da kaya zai tsaya a kansa sai ya tuɓe. Motar ma aro ce. Abin da ya tara a duniya ɗaki biyu ne na haya, da fanka mai kuka, sai fuskar da kowa ya sani. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da matarsa, likita ya ce wankin ƙoda sau biyu a mako, in an tsallake sai yadda Allah ya yi. Firji ya tafi, keken ɗinkinta ya bi baya. Ya nemi aikin gadi a wani shago, mai shagon ya ce kunyar aikensa zai ji. Wanda duk ya kai wa kukansa sai ya fashe da dariya, wai Mai Gwal bai iya rabuwa da wasa ba.

Abu ɗaya ya rage, katin marasa ƙarfi da asibiti ke bayarwa don jinya kyauta. Na raka Yaya, ya sa takunkumi ya danno hula har gira, muka yi awa huɗu a layi. Wanda ke gabanmu na san shi sarai, manyan motoci uku gare shi, amma da yake ba mai saninsa a asibitin, ya zo cikin koɗaɗɗiyar riga ya karɓi katinsa ya wuce. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ashe ƙa'idarsu sai an ɗauki hoto a gaban tagar da ake ba da katin. Yaya ya cire takunkumi, layi ya watse, wayoyi suka tashi sama. Ma'aikacin ya dube shi, ya ajiye biro.

"Ranka ya daɗe, ka ji tsoron Allah. Wannan na talakawa ne."

Yaya ya rantse, ya miƙa takardar likita, ya durƙusa a kan siminti yana roƙo da hawaye. Mutane suka tafa masa. Wata ma cewa ta yi ai bai taɓa yin wasan da ya kai wannan ba. Aka kira na bayanmu.

Muka hau ɗakin jinya. Matarsa na kwance, ƙafafu sun kumbura, ta juyo da ƙyar ta tambaye shi ko an dace. Na riga na roƙe shi a kan matakala ya ce mata gobe za a bayar, ko ta samu ta runtsa. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Ta dube shi, ta juya fuskarta bango.

"Bar shi, Baban yara," ta ce. "Ba ka iya ba."