Malam Habibu da Tankin A-kori-kura

Ina karyawa da safen nan aka bugo min waya daga Karaye: Malam Habibu mai lissafi ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko shayin ban iya ƙarasawa ba.

Ban taɓa zama ajinsa ba. Ni direba ne, boko kuwa sama-sama na yi.

Zamanin soja, ina jan a-kori-kurar Alhaji Dauda tsakanin Karaye da Rogo. Wanda ya sayar masa da ita ya rantse galan ɗaya na mai zai kai ta Rogo ya dawo da ita. Ranar farko ta sha galan ɗaya da rabi. Alhaji ya ce zuƙe mai nake yi, in ajiye makulli. Lokacin matata na da tsohon ciki, kuma direban da aka kora da sunan ɓarawo, wa zai sake ba shi mota?

Malam maƙwabcin Alhaji ne, malamin sakandare. Ya ce masa tafiya ɗaya ba ta isa shaida ba. Wai kuskure iri biyu ne a gabansa: ya kori mai gaskiya, ko ya ci gaba da riƙe ɓarawo, kuma na farkon ya fi wuyar gyara.

Asabar goma Malam yana bina a gaban mota. Mu cika tanki har baki, ya rubuta lambar mita, mu je mu dawo, mu sake cikawa. Wata rana da lodin rake daga Gwangwan, wata rana wayam, wata rana cikin caɓi. Ga Malam da tsoron gudu! Ko akuya na wuce sai ya kama salati.

Kowace tafiya da nata sha, amma ko sau ɗaya galan bai isa ba, alhali idonsa na kaina. Ashe lissafin wanda ya sayar da motar na tafiya kan kwalta ne, kuma babu kaya. Alhaji ya miƙo min makulli, har da ba ni haƙuri.

Da matata ta haihu, Malam ne ya yi wa yaron huɗuba.

Ƙaramar Sallar da ta wuce na je gaishe shi a gidansa da ke Kwanyawa, jiki ya yi nauyi amma bakin na nan. Na ce, "Malam, tsakani da Allah, a lokacin ka yarda da ni?"

Ya yi dariya ya ce, "Tun tafiyar farko, Malam Iro. Amma yardata ba hujja ba ce. Shi ya sa muka yi goma."

Shekara talatin da 'yan kai ina cin abinci da sunan da ya wanke min. Na gode, Malam, na gode.

Allah Ya jiƙansa, Ya sassauta masa hisabi kamar yadda ya hana a gaggauta nawa. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.