Hanyar da Mai-Waya Ya Bari a Suwic

Mai-Waya ake ce masa a kamfanin, har matarsa ma haka take kiransa in ranta ya ɓaci. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma haɗa layin tarho, daga ƙarshe ya tare a ɗakin sanyi inda suwic-suwic suke, akwatunan ƙarfen nan masu miƙa saƙo daga kwamfutar wannan ofis zuwa ta wancan. Shekara da shekaru shi ke rubuta wa kowane suwic hanyarsa da hannu: saƙon ofishin manaja ya bi nan, na sito ya bi can. In ya tafi hutu, hankalin kowa a tashe yake. Abin da ya riƙe masa aikin ke nan, kuma ya sani.

Sai kamfani ya ɗauki ɗan ƙanwarsa injiniya. Ya zo da tsarin da suwic-suwic za su riƙa magana da juna, su nemi hanya da kansu, in ɗaya ta mutu su bi wata.

"Kawu, ka huta. Su za su yi."

"Ƙarfe ne zai yi shawara? Ko uwarka ba ta bin shawararka, balle ni."

Mai-Waya ya zuba ido aka ɗora tsarin. Amma a suwic ɗin sito ya bar hanyarsa guda ta hannu, bai gaya wa kowa ba. Shi kuwa suwic, umarnin hannu yake fara bi.

Wata safiya magina suna fasa bango suka datse kebul. Nan take sauran ofisoshi suka sauya hanya, ba wanda ya ma lura. Sito kaɗai ya tsaya cak, yana tura saƙo cikin matacciyar waya. Motoci suka yi layi ba lodi, direbobi na zage-zage, manaja ta sauko tana masifa.

Injiniya ya bincika, ya juyo wa kawunsa da allon kwamfuta.

"Wannan hannunka ne, Kawu."

"Nawa ne. Da ba su fasa bangon ba fa?"

"Ai sun fasa."

"To gaya wa manaja mana. Ka daɗe kana nema."

Ya gaya mata, a gabansa, bai ko sassauta murya ba.

Ba a kori Mai-Waya ba. Washegari dai lambar sirrinsa ta ƙi buɗe ko suwic ɗaya. Aka miƙa masa tsani da naɗin kebul, aka ce ya je ya haɗa abin da magina suka yanke. Ya hau, gwiwoyinsa na ƙara. Har yau aikin tsanin yake yi, kuma in ƙanwarsa ta kira, kife wayar yake yi.