Eustace Tonge da Ƙahon da Bai Shiga Fili Ba

An haifi Eustace Tonge a shekarar 1938 a Urlings, ƙauyen masunta da ke tsibirin Antigua. Mahaifinsa Cuthbert masunci ne, mahaifiyarsa Ermine kuwa mai sayar da soyayyen kifi.

Karatu da Sana'a

Ya bar makaranta a 1950 ya bi mahaifinsa teku, inda ya gaji busa ƙahon katantanwa, wanda da shi ake sanar da jama'a isowar kifi.

Aure da Zamanin Nasara

A 1963 ya auri Verlyn Jarvis. Ranar 21 ga Yunin 1975, da rediyo ya sanar cewa tawagar West Indies, wadda Antigua ke cikinta, ta cinye Kofin Duniya na farko na kurket, wasan ƙwallo da sanda, a Landan, Eustace ya yi busar da ta sa mata suka yo bakin ruwa da kwanuka, suna zaton kifi ne. Ya maimaita a 1979, da suka sake cin kofin. Da Indiya ta ƙwace kofin a 1983, ya ɗauki alkawarin ba zai mutu ba sai ya yi busa a gasar, a ƙasarsu.

Shekarar 2007

Bayan shekara ashirin da huɗu gasar ta iso Antigua. A watan Maris ya je ƙofar sabon filin wasa da tikitinsa da ƙahonsa, mai gadi ya ce ƙaho ba ya shiga sai da takardar izini.

"Baba, ajiye shi nan, babu mai satar wannan tarkace."

"Yaro, wannan tarkacen ya girmi ubanka. In bai shiga ba, ban shiga ba."

Verlyn ta kira shi tsoho mai taurin kai, ta shige abinta. Shi kuwa ya tsaya bayan katanga cikin rana, ya cika ƙirji ya busa. Ikon Allah, tsohon da hawa kwalekwale ke gagara! Verlyn ta shaida cewa jama'ar ɓangarensu a cikin fili sun miƙe suna amsawa da ihu. Haka ya yi har aka tashi.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Nuwamban 2011, aka binne shi a makabartar cocin ƙauyensu. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Icilma, Leroy da Hyacinth. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ganin jifan ƙwallo ko ɗaya na Kofin Duniya da idonsa a fili ba.