Farin da Ya Fito wa Baba a Hannu

Ni fa tun farko ban yarda da likitan nan ba. Baƙin tabo ne a diddigen Baba, mun ɗauka ƙaya ce ta gona. Aka yanke shi a Zariya, sai ga likita yana nuna mana hoto, wai cutar daji ce ta fata, kuma har ta hau wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda. Daga diddige zuwa ƙoda! Haba, ta wace hanya? Na yi shiru ne kawai don Baba na wurin.

Maganin ƙarin ruwa ne, duk bayan mako uku. Wai ba shi ke kashe cutar ba, jiki yake tasowa ya yi faɗan da kansa. Ni ke ɗauko Baba a babur daga Ruwan Godiya, mu shiga mota.

Bayan ruwa na huɗu fari ya fara fito masa a yatsu, ya bi wuya. A ƙofar masallaci, inda dattawa ke haɗa kwanon tuwo da yamma, aka fara ce masa, "Malam, ga naka nan daban." Albaras, in ji su. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wallahi gwaji ake yi da tsohon nan, an ga ɗan ƙauye.

Ranar komawa ta zo, na ce masa hanya ba lafiya, an ga 'yan bindiga wajen Sabuwa. Ƙarya nake yi. Bayan mako uku na sake maimaita ta. Ya dube ni ya ci gaba da jan carbi.

A karo na uku na kai shi da kaina, don in zazzage wa likitan abin da ke cikina. Ina ɗaga hannun Baba in nuna masa, sai mutumin ya yi murmushi. Ya ce irin wannan farin yakan fito wa waɗanda maganin ya karɓa. Ban yarda ba sai da aka sake hoto. Kumburin da ke ƙullutun dama ya kusa ɓacewa. Na hagu kuwa yana nan, har ya ɗan ƙaru.

Likita ya duba kati ya ce, "Sau biyu ba ku zo ba. Me ya faru?"

Baba ne ya amsa, a hankali, bai ko kalle ni ba.

"Hanya ce ba lafiya, likita."

Alhali maƙwabcinmu direba ne, a tabarmar Baba yake hira kullum, kuma duk ranakun nan biyu ya je Zariya ya dawo.

Na tambayi likita ko fashin da muka yi ne ya sa na hagun ya ƙaru. Ya ce ba zai iya sani ba. Har yau ni ma ban sani ba, kuma Baba bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya.