Malama Mahasin da Darasin Misiyawa

Kullum da sassafe Malama Mahasin takan sauka daga jirgin ƙasa na metro a unguwar Ma'adi, a ƙasar Fir'auna, jaka a kafaɗa, gwiwa na ƙara, ta hau bene zuwa makarantar 'ya'yan 'yan gudun hijirar Sudan. Sama da shekara ashirin ke nan tana koyar da tarihi a ajin da fankarsa ta fi ta gajiya. Bana ta ajiye alli, idanu sun ce sun gaji.

Bahaushiyar Omdurman ta Sudan ce, kakanninta hanyar Makka ta ajiye su a can. Kuma tana da taurin kai, wannan kowa ya shaida. Manhaja ta ce a koyar da tarihin Fir'auna, ita kuwa sai ta saci mako guda ta koyar da Misiyawa, wata al'umma da ta zauna a yammacin Turkiyya ta yau tun kafin Annabi Isa. Hedimasta ya yi magana har ya haƙura.

Ga yadda take yi. Sai ta jera yara, ta ware ɗaya daga kowane goma, ta ce su ɗauki jakunkunansu su koma baranda. Haka wata tsohuwar ruwaya ta ce asalin Misiyawa yake: mutanensu suka fitar da ushirinsu saboda alwashi, suka tura su gindin wani dutse. Wasu kuma suka ce a'a, teku suka tsallako daga Turai. Harshensu gauraye ne na maƙwabta biyu, maƙwabtan kuma suka raina su. An fi saninsu da iya kukan makoki.

Shekarar da yaƙi ya koro sababbin ɗalibai daga Sudan, ƙidaya ta faɗa kan ɗaya daga cikinsu, Tagwa, budurwa 'yar shekara sha biyar. Tagwa ta daina Hausa tun da 'yan unguwa suka yi mata dariya a Giza. Kakarta Hawwa tana kwance ba lafiya, Larabcinta ya gudu da tsufa, sai Hausa. Ta kira, jika ta amsa da Larabci, tsohuwa ta juya wa bango fuska.

Tagwa ta tsaya a baranda ta ce da Larabci, "Malama, khalas, ya isa haka, ni an riga an fitar da ni sau ɗaya."

Malama ba ta lallashe ta ba. Ta jawo ta gaban allo, ta rubuta layuka kaɗan. "'Yata, abin da ya rage na harshen Misiyawa bai wuce wannan ba. Su da suka yi wa duniya kuka, ba wanda zai yi musu da bakinsu. Da wane baki za ki yi wa kakarki?"

Amna, mahaifiyar Tagwa, ita ta ba da sauran labarin. Da yamma yarinyar ta zauna bakin katifa ta ce, "Kaka, ya jiki?" Tsohuwa ta juyo, ta kama hannunta, ta ce ashe ba ta manta ba. Suka yi ta hira har mako ya zagayo, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Ke ce, Malama, mai tono matattu don rayayyu su ji kunya. Ba a taɓa ba ki lambar yabo ba, kuma abin yana ba ni haushi. Mun gode, Allah ya saka miki da Aljanna. Malaman da suka rage a wannan bene, ku ma ku saci mako guda. Akwai tsofaffi kwance a Giza suna jiran a gaishe su.